Cokalin da ya ƙi karyewa

Gwangwanayen fenti uku ne a kan teburin baranda, kuma Baba ya ce kafin rana ta faɗi yana so ya ga jirginsa da launinsa. Gobe da safe za a shiga da shi ɗakin tiyata, a yi masa aikin ido.

Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama ne ya rage, shi ma farar yana ta rufe shi. Likita ya ce zai cire yanar, amma jijiyar idon ta yi rauni, don haka ba zai yi wa kowa alkawari ba. A gidan babu wanda ya sake furta wannan magana. Sai dai duk wanda ya wuce ta baranda sai ya kalli jirgin, sannan ya kalli sama ya ga inda rana take.

Jirgin na roba ne, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Kan jirgin ƙasa ne, irin wanda Baba ya tuƙa har ya yi ritaya. A kwali ya zo, gunduwa-gunduwa, kuma kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa. Baba ya haɗa shi da gam da ɗan hantsaki, tun hannunsa bai fara rawa ba har ya fara. Yanzu komai ya zauna: ƙafafu, matakala, ƙaho, ƙananan kusoshi a jere a gefe. Rufin ne kawai bai manne ba, domin a riƙa ɗagawa ana ganin kujerar direba. Fenti kaɗai ya rage.

Gwangwani na farko koren fenti ne mai ruwa, wanda aka yi don roba. Ba ya cin komai, amma Baba ya ce launinsa na motar wasan yara ne. Na biyu fentin shimfiɗa ne mai ruwan toka, wanda ake fara fesawa kafin launi. Na ukun Yaya ne ya kawo.

Yaya, babban ɗan gidan, mai fentin mota ne. Hoton jirgin da ke bango baƙi da fari ne, saboda haka ainihin koren a cikin kan Baba kawai yake. Yaya ya yi ta haɗa launi a garejinsa yana fesawa a guntayen ƙarfe, yana kawowa, Baba yana kai su dab da idonsa yana girgiza kai. Sai a makon nan ya ce, "Shi ne." Yaya ya sa aka ɗura masa shi a gwangwani.

Auta, ƙanwarsa, ta ɗauki gwangwanin ta buɗe murfin. Warin tina, sinadarin da ake tsinka fentin mota da shi, ya bugi hancinta.

"Yaya, wannan yana da zafi fa."

"Fenti ne, ba shayi ba."

"Na mota ne. Ƙarfe aka yi wa shi."

"Motocin yanzu rabinsu roba ne, malama. Kullum ina fesa wa bamba, ban taɓa ganin wadda ta narke ba."

"Robar bamba daban."

"To tunda kin fi ni sanin aikina, karɓi."

"Ku kawo cokali," in ji Baba daga kujerarsa.

Wannan ƙa'idarsa ce tun Auta tana ƙarama, lokacin da yake haɗa ƙananan taragu. Ba ya fesa wa komai fenti sai ya gwada a bayan cokalin roba, irin fararen nan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, domin robarsu ɗaya da ta jirgi. In fentin ya bushe, sai ya karya cokalin gida biyu, ya duba bakin karayar: fentin ya ci robar ne, ko ya zauna a kanta, ko yana ɓarewa. Auta ta tashi da jin ƙarar nan, ƙas, daga baranda.

Mama ta kawo cokali daga kicin, ta ajiye a bakin tebur, ta toshe hanci da gefen mayafinta.

"Kun mayar min da baranda gareji. Kai kuma Direba, likita bai ce ka nisanci ƙura da wari ba?"

"Ina nesa."

"Kana nesa, hancinka a cikin gwangwani."

Yaya ya girgiza gwangwanin, ƙwallon da ke ciki yana ƙara. Ya miƙa hannu waje da baranda, ya fesa wa bayan cokalin sau biyu, a natse, yadda yake yi wa ƙofar mota. Ya soke wutsiyar cokalin a kwali. Suka tsaya suna kallo.

Koren ya kwanta sumul. Auta ta sunkuya tana neman tattara ko tsaga, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta jira ƙyallin ya dushe, bai dushe ba. Inuwar benen da ke fuskantarsu ta hau kan tebur ta rufe rabinsa. Yaya ya taɓa gefen cokalin da bayan farce.

"Ya bushe. Malama, akwai sauran magana?"

Auta ta ja da baya.

Baba ya karɓi cokalin, ya kai shi dab da idonsa na dama, ya juya shi ta gefen haske. Ya daɗe a haka.

"Shi ne," ya ce.

"To alhamdulillahi," in ji Mama. "Amma ba a nan za ku fesa ba. Idon nan ne kaɗai muke da shi. Kai mai fenti, ka sauka ƙasa da kayanka."

Yaya ya ɗora jirgin a kan katako, ya sa rufin a gefensa, ya soka gwangwanin a aljihun wandonsa. Ya riƙe katakon da hannu biyu ya fita, yana taka matakala a hankali. A ƙasan benen akwai fili mai rumfa inda mazauna gidan ke ajiye motoci. Nan zai yi aikin.

Auta ta fara tattara jaridun da aka shimfiɗa. Da ta waiwayo sai ta ga Baba ya kama cokalin da hannu biyu yana ƙoƙarin karya shi. Cokalin ya lanƙwasa, ya koma yadda yake. Ya sake gwadawa, ya cije leɓe.

"Hannun nan ya gama aiki," ya ce. "Ko cokali ya fi ƙarfina. Karɓi, Auta, karya min."

Ta karɓa, ta matsa. Cokalin ya ninku gida biyu, wani farin layi ya fito a inda ya ninku, amma bai karye ba. Ta mayar da shi ta ɗaya gefen. Ya sake ninkuwa, shiru, ba ƙas.

Baba ya ɗago kai. Ba ya ganin hannunta sosai, amma yana jiran ƙarar da bai ji ba.

"Mama," in ji Auta, "cokalin nan daga ina?"

"Daga kicin mana."

"Na kwalin Baba ne?"

"Waɗancan ai sun ƙare tun zuwan baƙin nan. Na sayo sabbi. Sun ma fi kyau, mai shagon ya ce ko a ruwan zafi ba sa karyewa."

Baba ya dafa hannun kujera zai miƙe.

"Ba robarsu ɗaya ba," ya ce. "Tsayar da shi."

Auta ta ciro waya ta kira Yaya. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, kusa da gwangwanin fentin shimfiɗa. Ta leƙa ta baranda ta ƙwala masa kira, amma barandar titi take kallo, rumfar motoci kuma tana baya. Wata babbar mota ta wuce ta cinye muryarta.

Ta fita ba takalmi. A hawa na biyu ta yi karo da maƙwabciyarsu ɗauke da kwandon wanki, ta raɓa ta gefenta ba ta amsa gaisuwa ba. Tun kafin ta kai ƙasa ta ji warin tina. Sannan ta ji ƙarar ƙwallon cikin gwangwani.

Yaya yana tsugune, takunkumi a fuskarsa. Ya ɗora katakon a kan bokitin da ya kife. Rufin jirgin yana gefe a kan jarida, kore shar, yana ƙyalli. Jirgin kansa yana nan fari. Yaya ya saita bakin gwangwanin a kan hancin jirgin.

"Yaya, tsaya!"

Ta sa hannunta tsakanin gwangwanin da jirgin. Fesin farko ya sauka a bayan hannunta, da sanyi.

Ya janye takunkumin. "Ke, kina da hankali kuwa? In ya shiga idonki fa?"

"Cokalin ba irin na Baba ba ne. Ya ƙi karyewa."

"To sai me?"

"Gwajin bai gwada komai ba."

"Ga rufi can na fesa. Je ki duba. Kin ga wani abu?"

Ta duba. Rufin yana sheƙi. Ragar fanka biyu da ke samansa, masu siraran layuka kamar zare, sun fito tsaf a ƙarƙashin koren.

"Matsa," in ji Yaya. "Rana tana tafiya."

"Ka jira kaɗan."

"Na jira me? Kin san abin da likita ya ce. Ke za ki je ki gaya wa Baba ba zai ga jirginsa da launi ba?"

Ba ta matsa ba. Hannunta yana nan a gaban jirgin, koren yana bushewa a kan fatarta yana ja. Yaya ya miƙe tsaye, ya fi ta tsawo da kai guda. Ya kama wuyan hannunta zai kawar, ba da ƙarfi ba. Ta riƙe gefen katakon da ɗaya hannun. Jirgin ya motsa a kan ƙafafunsa, ya gangara zuwa baki. Su biyun suka kai hannu a tare. Yaya ne ya tare shi da tafinsa.

Suka tsaya a haka, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa.

"Kin ga abin da kike jawowa?" ya ce a hankali.

Auta ba shi take kallo ba. Rufin take kallo.

Ƙyallin ya fara dushewa daga tsakiya. Sai fuskar fentin ta tattare, kamar saman madarar da aka tafasa aka bari ta huce. Ƙananan tsagu suka bazu zuwa gefe. Layukan ragar fanka suka yi laushi, suka kwanta, suka haɗe da juna, har babu raga sai wasu ramuka biyu marasa siffa. Kusurwa ɗaya ta rufin ta ɗan ɗaga daga kan jaridar.

Yaya ya janye tafinsa daga jirgin. Ya tsuguna, ya taɓa gefen rufin da farce. Farcen ya nutse.

Ya kalli gwangwanin da ke hannunsa, ya kalli hancin jirgin. Ɗigo biyu na kore sun tsallake hannun Auta sun sauka a kan ƙarfen gaba. Ya ciro tsumma ya ɗauke su da gefensa, ba tare da ya goga ba. Sun bar tabo kamar ƙwayar gero.

"Ɗauki jirgin," ya ce. "Ni zan ɗauki wannan."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, Mama tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya miƙa hannu, Auta ta kai masa katakon, ya bi jikin jirgin da yatsa daga gaba har baya. Ya tsaya a kan tabon, ya wuce. Sannan ya ce a ba shi rufin.

"Bai gama bushewa ba, Baba," in ji Yaya.

"Ba ni."

Ya riƙe shi ta gefe-gefe. Ya kai shi dab da idonsa. Ragar nan ya fi wata guda yana gyara ta da bakin allura. Ya mayar wa Yaya.

"Da yawa ka fesa."

"Yadda nake yi wa mota na yi."

"Na sani."

Mama ta ce, "Ni fa cokali kuka ce in kawo."

"Ba wanda ya ce ke ce," in ji Baba. Ya koma kujerarsa.

Inuwa ta riga ta cinye teburin duka. Yaya ya jera gwangwanayen uku a gaban mahaifinsa, ya tura koren nan mai ruwa gaba.

"Wannan ba zai ci komai ba. Yana bushewa da wuri. In na fara yanzu, kafin magariba ka ga jirginka kore. Rufin sai in juya shi ta baya, ba za a lura ba."

Baba ya ɗauki murfin gwangwanin ya duba launin.

"Ban taɓa tuƙa wannan ba."

"Kore ne, Baba."

"Ganye ma kore ne."

"To na shimfiɗa fa?" in ji Auta. "In aka rufe robar da shi, na Yaya ba zai taɓa ta ba."

"In ya bushe sosai," in ji Yaya. "Ba bushewar taɓawa ba. Sai ya kwana, ya wuni, ƙila fiye. Sannan koren a bi shi kaɗan-kaɗan, ana jira tsakani. Ba aikin yau ba ne." Ya juya ga mahaifinsa. "Sai dai in sa masa na'urar busar da gashi."

"Ka lanƙwasa min shi kamar ayaba?"

"To me kake so in yi? Baba, gobe ne fa!"

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. A titi wani yana ta danna ham.

"Na san gobe ne," in ji Baba. "Ni za a kwantar."

Ya laluba teburin har ya sami cokalin. Ya lanƙwashe, amma koren da ke bayansa bai ko tsage ba.

"In kuka shafa wancan na yara, abin da zan gani ke nan. In idon ya tafi, da shi zan zauna a kaina, in manta nawa." Ya sa cokalin a aljihun rigarsa. "Launi dai na gan shi. Mai fenti, ɗauki na toka. Cikin rufin nan bai ɓaci ba, robar jirgin ce. Gwada a nan tukuna."

Yaya ya tsaya kamar zai sake magana. Sai ya ɗauki gwangwanin.

"Daga nesa," in ji Baba. "Kamar ƙura. In ka ga yana sheƙi, ka yi yawa."

"Na ji."

"Ba ƙofar mota ba ce."

"Na ji, Baba."

Suka sake sauka, Auta tana riƙe da jirgin. Yaya ya kife rufin ya fesa wa cikinsa daga nesa. Suka jira, wannan karon ba wanda ya ce rana tana tafiya. Tokar ta zauna ba tattara. Auta ta danna da farce, robar tana nan da taurinta. Sannan Yaya ya juya ga jirgin. Hannunsa ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo, bai tsaya a wuri ɗaya ba. Farin ya koma toka a hankali, kusoshin gefe suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Da suka hau da shi, hasken da ya rage kaɗan ne. Baba ya sa aka kunna fitilar tebur. Ya kalli jirgin daga gaba, ya sa Auta ta juya masa shi, ya kalli gefe. Ya ciro cokalin ya riƙe shi kusa da jikin jirgin, yana kai ido daga wannan zuwa wancan. Sannan ya mayar da shi aljihu.

Da safe, a ƙofar ɗakin tiyata, nas ta ce a cire komai daga aljihu. Baba ya ba Mama agogonsa, ya ba Auta cokalin. Nas ɗin ta kalli cokalin, ta kalli Auta.

An fito da shi da bandeji. Likita ya ce aikin ya tafi yadda ake so, sauran sai an buɗe.

Washegari suka taru a ɗan ƙaramin ɗakin duba marasa lafiya. An rage hasken. Yaya ya tsaya a jikin bango, hannayensa a aljihu. Likita ya ɓare filasta, ya ɗaga audugar, ya goge gefen idon, ya ɗiga magani.

"Buɗe a hankali, Baba."

Fatar idon ta motsa. Idon ya yi ja, yana ruwa. Baba ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Likita ya ɗaga hannu a gabansa.

"Me kake gani?"

Baba ya miƙa tafinsa gefe, inda ya san Auta take. Ta sa masa cokalin.

Ya kai shi dab da fuskarsa yadda ya saba. Sai ya janye shi baya kaɗan. Ya ƙara janyewa, har hannunsa ya kusa miƙewa. Mama ta kama gefen gadon.

"Wa ya zaɓi wannan?" in ji Baba.

Yaya ya taso daga jikin bango. "Kai ka zaɓa."

"Ni?"

"Kai ka ce shi ne. Har sau biyu."

"Wannan ai ya yi shuɗi. Jirgina bai taɓa zama haka ba."

Likita ya yi ɗan murmushi yana rufe kwalbar magani. Ya ce yanar takan sa mutum ya riƙa ganin komai da rawaya-rawaya, in an cire sai launuka su canza masa. Da yawa sukan koma gida su yi faɗa da labulensu.

Mama ta zauna a kujera, ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya juya yana kallon taga, ya daɗe bai waiwayo ba.

"Mai fenti," in ji Baba.

"Na'am."

"Ka rage shuɗin, ka ƙara rawaya kaɗan. Ka kawo min a ƙarfe in gani."

"To."

"Rufin kuma a goge shi da samfefa ya yi sumul, ragar zan sake ta da waya. Auta za ta riƙe min."

Ya juya kansa a hankali har ya sami matarsa. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma, in za ki sayo cokula, ki ce wa mai shagon marasa kyau kike so. Masu karyewa."